Kwamfuta ta rubuto abin da ban gane ba: tambayoyi da amsoshi daga wani shagon gyara a Damagaram

Na daɗe ina zaune a ɗan shagona a Zango, ina buga ma mutane takardu, ina kuma gyaran kwamfuta. Da yawa daga cikin masu shigowa da na'ura a hammata, ba lalacewa ta yi ba. Wani ɗan akwati ne ya faɗo musu a kan allo da rubutun da ba su gane ba, gabansu ya faɗi. Tambayoyin nan su ne aka fi yi mini, na kuma amsa su kamar yadda nake amsawa in mutum na zaune kan bencina.

Ta rubuto "Une erreur s'est produite". Ni na ɓata ta?

Da wuya. Kwanan baya wata malamar makaranta ta zo daga Birni da kwamfutar maigidanta nannaɗe cikin zane, muryarta na rawa. Ta ce, "Malam, wallahi ban taɓa komai ba, jerin sunayen yara kawai nake bugawa." Na ce, "Hajiya, zauna ki sha ruwa tukuna." Da na duba, abin da ke rubuce ke nan: an samu kuskure. Ba a faɗi wane kuskure ba, ba a faɗi inda yake ba, ba a faɗi abin da za ta yi ba. Kamar ka je wurin likita, ya dube ka ya ce "ba ka da lafiya", ya tashi ya fita.

Wannan abu yana ci mini rai, don mutumin kirki ne ke kwana da fargaba a kan gazawar wani. Wanda ya rubuta manhajar ya san hanyoyi da dama da aikin zai iya tsayawa, amma bai zauna ya rubuta ma kowace bayaninta ba, sai ya haɗa su duka ya lulluɓe da jimla guda. Manyan kamfanoni ma suna yi. A 2015, lokacin da Windows 10 ta fito, mutane da yawa masu ƙoƙarin ɗora ta sun ga akwati mai cewa "Something happened", wato wani abu ya faru, kuma a ƙarƙashinsa aka sake maimaita kalmomin nan biyu. Ita Hajiya, fayil ɗinta na kan kile ne, wato ɗan abin ajiyar nan na USB, kilen kuma ya ɗan zare daga raminsa. Na mayar, aikinta ya dawo cif.

Ta ce ba ta ga kilabiye ba, amma in danna F1. Da me zan danna?

Wannan saƙo tsoho ne, ya samo asali tun kwamfutocin shekarun 1980, har yau kuma yana fitowa a kan manyan na tebur da ake kawo mana na hannu. Kafin Windows ta tashi, na'urar kan binciki sassan jikinta. In ba ta ji kilabiye ba, wato allon maɓallan rubutu, sai ta tsaya. Nufin masu ƙirar shi ne ka jona shi, sannan ka danna F1 don ta tabbata ya yi aiki. Sai dai ba su rubuta "jona" ɗin ba. Ka kashe ta, ka zare wayar kilabiyen, ka hure ƙurar bakin, ka mayar da kyau ko ka canza mata rami, ka kunna.

Akwati ya fito da jan alamar kuskure, amma cikinsa an ce "L'opération a réussi", wato aiki ya yi nasara. Ya yi ne ko bai yi ba?

Yawanci bai yi ba. Ga yadda abin yake faruwa. Windows na da jerin lambobi, kowace matsala da tata: 2 na nufin ba a ga fayil ba, 5 na nufin ba ka da izini. Sifili kuwa na nufin lafiya lau. In aiki ya tsaya, manhajar kan tambayi Windows lambar matsalar da ta faru ta ƙarshe. Amma in ta yi jinkirin tambaya, wani ƙaramin aiki ya riga ya gudana a tsakani ya yi nasara, sai lambar ta koma sifili. Ita kuma manhajar ta ɗauki fassarar sifili ta liƙa cikin akwatin kuskure. Kada ka yarda da rubutun. Je ka duba da idonka ko takardar ta ajiye, ko hoton ya kwafu.

Waɗannan dogayen lambobi masu farawa da 0x fa? Suna da ma'ana?

Suna da ita, kuma sun fi jimlolin banza amfani nesa ba kusa ba. Harafin x bayan sifili alama ce cewa an rubuta lambar da lissafi mai tushe 16, inda bayan 9 ake ci gaba da A har zuwa F. In ka ga ta fara da 0x8007, dubi wutsiyarta. 0x80070005 ita ce 5 ɗin nan, an hana ka izini. 0x80070002 ita ce 2, akwai fayil da aka nema aka rasa. 0x80070070 kuwa, 70 a wannan lissafi daidai take da 112 a namu, ma'anarta rumbun ajiya ya cika. Da sun rubuta "wuri ya ƙare, share wasu abubuwa", da yaro ɗan firamare ya gyara da kansa.

Lamba ba ta da laifi in akwai mai riƙe da fassararta. Ranar 20 ga Yuli 1969, kumbon Apollo 11 na gangarowa kan wata, kwamfutarsa ta nuna 1202. Su Neil Armstrong ba su san me take nufi ba, suka tambayi ƙasa. A Houston akwai wani matashin injiniya, Jack Garman, da ya riga ya rubuta jerin lambobin da hannunsa ya ajiye a gabansa. Ya san cewa aiki ne ya yi ma na'urar yawa, tana zubar da ƙanana tana riƙe muhimmai. Aka ce su ci gaba, suka sauka lafiya. Mu a nan, ba a ba mu wannan takarda ba. Shi ya sa nake cewa ka kwafi lambar daidai, harafi bayan harafi, ka nema a intanet ko ka kawo ma mai gyara.

Na tabbata kalmar sirrina daidai ce, amma ta ce "Mot de passe incorrect".

Nan dai matsalarmu ce ta ƴan kan iyaka. Kwamfutoci da yawa a garin nan ta Kano suke shigowa, da kilabiye irin na Ingilishi, wanda layinsa na sama ya fara da QWERTY. Sai a ɗora musu Windows ta Faransanci, wadda ke zaton AZERTY ke gabanta. Ka danna A, ita ta rubuta Q. Ka danna W, ta rubuta Z. M ma ba a wuri ɗaya take ba. Lambobin sama kuwa, a tsarin Faransanci sai ka riƙe maɓallin babban baƙi kafin su fito, in ba haka ba & da é za ka samu a madadin 1 da 2. Tunda ɗigo-ɗigo kawai kake gani, ba ka da hanyar sani. Dubi kusurwar allo ta ƙasa daga dama, za ka ga FRA ko ENG. Danna nan ka canza, ko ka latsa ɗan idon da ke gefen wurin rubutun ka ga abin da hannunka ke bugawa.

Na sa kile, ta ce sai na yi "formater" kafin in yi amfani da shi. In danna?

A'a. Don Allah kada ka danna. A duk saƙonnin da na sani, wannan ne ya fi jawo hawaye a shagona.

Abin da ta rubuta shi ne "Vous devez formater le disque", wato dole ne ka yi. Kalmar "dole" ɗin nan ƙarya ce. Gaskiyar magana, kwamfutar ta kasa karanta ɗan teburin da ke farkon kilen, wanda ke nuna mata inda kowane fayil yake kwance. Kamar littafi ne da shafin jerin babi ya yage. Babin duk suna nan. Yakan faru in an fizge kile ana cikin rubutu a kansa, ko kuran ya ɗauke a daidai lokacin, ko bakin kilen ya yi datti. Shi "formater" sabon tebur fanko yake shimfiɗawa, daga nan sai ta nuna maka kile wayam.

Wani ɗalibin jami'a ya taɓa zuwa mini da la'asar sakaliya, cikin zafin Afrilu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Aikin kammala karatunsa ne a kile, kwafi ɗaya tak, saura kwana huɗu ya miƙa. Ya ce, "Yaya, ta ce dole, sai na danna." Na tambaye shi ko ya ɗora wani abu a kai bayan haka. Ya ce a'a. Na ce to da sauran numfashi. Muka jona kilen, na saki manhajar tono fayiloli, muka zauna muna kallon sandar tana rarrafe har aka kira magariba. Bai iya shan shayin da na zuba masa ba. Babi huɗu suka dawo lafiya, na biyar ya dawo da rabinsa a hargitse, ya kwana biyu yana sake rubuta shi daga takardun hannunsa. Da akwatin ya ce "na kasa karanta wannan, in ka ci gaba za ka rasa abin da ke ciki", da bai danna ba. Gargaɗin gogewar sai a akwati na gaba yake fitowa, lokacin da mutum ya riga ya sa a ransa cewa ba makawa.

In ka ga wannan saƙo, danna "Annuler", zare kilen a hankali, gwada shi a wani rami ko wata kwamfuta. In ya ƙi, kai ma mai gyara ka gaya masa akwai kaya ciki. In kuma ka riga ka danna, kada ka ajiye ko hoto ɗaya a kansa, don sabon abu kan tsohon yake kwantawa.

Kilena na da wuri jibge, amma ta ce bidiyon biki ya yi girma.

Ba wuri ne ya ƙare ba. Kile da yawa suna zuwa da tsarin ajiya mai suna FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, ko da kilen na giga 32 ne. Kwashe kayan ciki zuwa wani wuri tukuna, sannan a mayar da shi tsarin exFAT ko NTFS. A nan ne "formater" ke da amfani, bayan ka tabbata ba abin da ya rage a ciki. Ka dai sani, wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota FAT32 kaɗai suke ganewa.

Firinta ta ƙi bugawa, ta rubuta "PC LOAD LETTER". Wace wasiƙa take nema?

Ba wasiƙa take nema ba, PC ɗin ma ba kwamfuta yake nufi ba. Tsofaffin firintocin HP LaserJet na da ɗan allo da ba ya ɗaukar haruffa da yawa, sai aka taƙaice. PC sunan aljihun da ake zuba takarda ne, "Letter" kuma girman takarda ne da ake amfani da shi a Amurka, milimita 216 da 279. Tamu A4 ce, 210 da 297. Takardar da aka turo maka an tsara ta ne a kan girman Amurka, firintar kuma ta laluba aljihunta ba ta samu irinta ba. Buɗe takardar, shiga wurin tsara shafi, mayar da girman A4. In Word ɗinka ta Ingilishin Amurka ce, canza shi gaba ɗaya, in ba haka ba kullum sai kun yi.

Kowane shafi na buɗe sai ya ce "Votre connexion n'est pas privée", wato haɗina da shafin ba na sirri ba ne. An yi mini kutse ne?

In shafi guda ne kawai, yi hattara, kada ka sa kalmar sirri a ciki. In kuwa duka ne, har da Google, dubi agogon kwamfutarka. Sau da yawa za ka tarar ta koma wata shekara can baya. Kowane shafi mai tsaro na ɗauke da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, to in agogonka ya ɓata sai na'urar ta ga kamar shaidar ba ta kan lokaci. A cikin kwamfuta akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe da agogo in an kashe ta. Na hannu da ake kawo mana, nasu ya gaji tun can. Gyara kwanan wata, in ya sake ɓacewa bayan ka kashe, a canza batirin. Kuɗinsa kaɗan ne.

404, 403, 500, 503: wanne ne nawa, wanne ne nasu?

Waɗannan lambobi a shafukan intanet suke fitowa. Masu farawa da 4, matsalar tana ga abin da aka nema: 404 babu shafin a wannan adireshi, 403 akwai shi amma an hana ka shiga. Masu farawa da 5 daga can ne, 500 na'urarsu ta rikice, 503 ta cika ko ana gyara. In kana rajistar konkur a ranar ƙarshe ka ga 503, ba rezo ba ne, ba kuma mai siber ba ne, jama'a ce ta yi yawa a ƙofa ɗaya. Gwada bayan asuba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allon ya koma shuɗi gaba ɗaya. Ta mutu ke nan?

Ba lalle ba. Windows ce ta ga wani abu ya rikice a can cikin gindinta, ta gwammace ta tsaya da ta ci gaba ta lalata maka ajiya. A 2012, da fitowar Windows 8, an ƙara ma allon wata fuska mai ɓacin rai, amma abin da ke da amfani shi ne kalmomin manyan baƙaƙe da ke can ƙasa. Su za ka ɗauka a hoto.

In sau ɗaya ne, kunna ka ci gaba. In yana dawowa, a garin nan abu biyu nake fara tuhuma: zafi da ƙura. Watan Afrilu da Mayu, zafi na haura digiri 40 a inuwa, ga shi hazon hunturu ya riga ya cusa ma fankar ƙura. Na sha buɗe kwamfuta in ciro wani abu kamar tsumma ja a bakin iskarta. Kada ka ɗora ta kan katifa ko darduma, ramukan shan iskarta a ƙasa suke. Na uku shi ne katin ƙwaƙwalwa da ya saki saboda girgizar hanya; a zare a goge a mayar.

Wani lokaci kuma ba ruwan na'urarka. Ranar 19 ga Yuli 2024, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage sun kasa tashi, asibitoci da bankuna sun tsaya, ba kuma wani ma'aikacinsu da ya danna abin da bai dace ba.

Salula ta ce "Problème de connexion ou code IHM non valide".

IHM taƙaitawa ce ta mahaɗar mutum da na'ura, sunan da injiniyoyi ke kiran lambobin nan masu tauraro da ake duba kiredi da su. Ko dai lambar ba daidai ba ce, ko rezo ya yi rauni, ko ka aika ta layin da ba nata ba in wayarka mai sim biyu ce. Sa yanayin jirgi, cire, sake gwadawa.

Wani saƙo ya fito da ƙara, wai wayata ta kamu da cuta goma sha uku, in danna nan da nan.

Wannan ba kuskuren na'ura ba ne, tarko ne. Shafin intanet ba shi da ikon bincika wayarka ya ƙirga cututtuka. Alamarsa gaggawa: agogo na ƙirgawa, jan launi, lambar da za ka kira ko manhajar da za ka sauke. Rufe shafin kawai. Abin baƙin ciki, ƴan damfara sun fi masu gaskiya iya rubuta saƙon da mutum zai gane, kuma tsoron da saƙonnin gaskiya marasa bayani suka dasa ma mutane shi suke girba.

Ashe saƙo mara bayani zai iya kai ga rasa rai?

Ya taɓa kaiwa. Therac-25 na'ura ce ta ƙona cutar daji da haske, ƙirar wani kamfanin Kanada. Tsakanin 1985 da 1987 an samu haɗurra shida da aka sani, inda ta zuba ma marasa lafiya haske ninkin ba ninkin abin da aka tsara, wasu suka mutu. A garin Tyler na jihar Texas, a 1986, abin da ma'aikaciya ta gani a allo shi ne "Malfunction 54". Littafin da ke hannunta bai bayyana ma'anar lambar ba, allon kuma ya nuna kamar hasken da aka ba mutumin bai ma kai ba. Na'urar ta saba tsayawa da irin waɗannan saƙonni kullum ba tare da wata illa ba, don haka ta danna maɓallin ci gaba, kamar yadda ta saba. Asalin laifin na cikin manhajar, amma saƙon da ya kamata ya tsayar da hannunta bai ce mata komai ba. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga mutum na danna OK bai karanta ba. Ba wauta ba ce, na'urar ce ta koya masa cewa karantawar ba ta da amfani.

Da an fassara su da Hausa, da an huta?

Da an rage. A Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, kuma ina fatan ganin ranar da shafukan rajista da na biyan kuɗi za su yi ma tsohuwa daga Mirriya magana da bakinta. Windows ma an taɓa yi mata ƙunshin Hausa, sai dai wuraren da aka fi taɓawa ya fassara, saƙonnin can ciki da Ingilishi suke fitowa. Amma "an samu kuskure" da Hausa, duhunsa ɗaya da na Faransanci. Saƙo na gari abu uku yake faɗa: abin da ya faru, ko kayanka na nan, da abin da za ka yi yanzu. Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, in kun rubuta saƙo, ku karanta ma innarku shi. In ta ce "to, sai in yi yaya?", ku koma ku sake.

In zan kawo maka gyara, me zan zo da shi?

Hoton saƙon, wanda ka ɗauka da salula kafin ka rufe shi, ya fito sarai har lambobin. Ka tuna abin da kake yi a daidai lokacin, da ko kuran ya ɗauke, da ko an sa wata sabuwar manhaja kwanan nan. In yaro ne ya taɓa, faɗi, ba mai yi masa faɗa. Zo da cajarta, da kilen in shi ne, kuma tun daga bakin ƙofa ka gaya mini abin da ke ciki wanda ba ka da kwafinsa a wani wuri, don shi zan fara kwashewa kafin in taɓa komai.